Akushin Mahaifiyar Shifra

Hilkiya maginin tukwane maƙwabcina ne a unguwar Yahudawa ta Antakiya, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara talatin. Mutum ne mai shegen tsoro. Ko tukunya ya ɗora a wuta sai ya zagaya ta sau bakwai yana cizon yatsa. Ba ya faɗa, ba ya musu, kuma a iya sanina bai taɓa saɓa wa dattawan majami'a ba.

A wurinmu, kwanon yumɓu idan ƙazanta ta taɓa shi ba ya wankuwa, sai dai a fasa. Na dutse kuwa ba ya ɗaukar komai. Da wannan Hilkiya yake ci, domin kullum ana fasawa ana dawowa wurinsa. Shi ya sa ya tsani masassaƙan dutse, yana kiransu maciya amanar sana'a.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Shifra, da wani akushin yumɓu da ya gina mata ranar aurensu. Shifra ta girma, ta auri masaƙi, sai ita da mijin suka shiga cikin masu cewa Almasihu ya riga ya zo. Wannan bai dami unguwa sosai ba, kowa da irin fatansa. Abin da ya tayar da ƙura shi ne suna cin abinci kwano ɗaya da Girkawa marasa kaciya.

Shekara biyu Shifra ba ta taka gidan babanta ba. Ana saura wata guda Idin Bukkoki ta aiko cewa za ta zo ta ci abincin rana da babanta. A idin nan kowa a bukkar ganye yake ci, a saman soro, idon maƙwabta na kansa.

Uzziyel, dattijon majami'a, ya tare shi a bakin rumfa.

"Hilkiya, 'yarka ce, ba mu hana ka ciyar da ita ba. Amma kwanon da ta ci a ciki, muna so mu ga tsingaronsa a juji. In ba haka ba, wa zai yarda da tsarkin tukwanenka?"

Hilkiya ya rame a wata ɗaya. Idan ya fasa kwanon, ya gaya wa duniya 'yarsa ƙazanta ce. Idan bai fasa ba, sana'a ta mutu. Ni ma na kasa sukuni, don ni na yi wa uwarta wankan jego da aka haifi yarinyar. Sai na fara jin ƙwas-ƙwas ta bayan katanga. Na leƙa, sai ga maginin yana fama da guntun dutse, yatsunsa duk jini.

"Yau kuma kai ne maci amanar?" na ce.

"Ki rufa min asiri, Yokebed. Dutse ba ya ɗaukar komai. Ba fasawa, ba magana."

Abin da ya sassaƙa ya fi kama da turmin da jaki ya taka, amma dai yana riƙe miya.

Ranar ta zo, na zauna a bukkata, Uzziyel ma yana cikin tasa bukkar. Shifra ta hau soron, ta durƙusa ta gaida babanta. Ya miƙa hannu zai ɗauko kwanon dutsen, sai ta buɗe mayafinta ta fito da wani ɗan kasko.

"Baba, na zo da nawa. In na ci sai in tafi da shi, kada ka yi asarar komai saboda ni."

Ya dubi kaskon, ya dubi dutsen. Wato kowannensu ya yi wata guda yana neman hanyar da ba za su haɗa kwano ba. Wallahi sai da na ji kunya a madadin unguwar duka.

Ya sauka ƙasa. Ya dawo da akushin uwarta, ya zuba dafaffen wake a ciki, ya gutsuri gurasa ya tsoma, ya tura mata.

"Sa hannu, uwata. Ya fara hucewa."

Washegari Uzziyel ya zagaya juji har sau biyu, bai ga tsingaro ba. Daga nan rumfar Hilkiya ta yi shiru, sai ni da 'yan tsiraru. Ya rayu shekara shida yana sayar wa baƙi kaskon fitila, yana firgita duk lokacin da aka yi sallama. Da ya rasu na shiga ɗakinsa, na tarar da akushin a kan kanta, ko tsaguwa babu.