Ƙyallen Shekarar da Ban Gani Ba

Ban yi makaranta ba, harafi ɗaya ban sani ba, amma duk takardar harajin da ta shigo gidanmu a hannuna take kwana. Maigidana bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Haɗeja, tarwaɗa da karfasa da ake kawo masa daga wajen Kirikasamma. Mutumin kirki ne, sai dai aljihunsa ba wurin ajiya ba ne. Sau biyu ina wanke masa riga da rasit a ciki, na fito da shi kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Daga nan na kafa doka: ranar da ya biya, kafin ya sha ruwa ya miƙo.

Da basillar ɗinkin buhu nake huda kowace takarda a kusurwar sama ta hagu, in zura ta a zare mai kauri. Shekara ta ƙare, in yanko ƙyalle daga zanen sallata na shekarar in zura a kai. Da haka nake karatuna. Shuɗin nan shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama ne, mai ruwan goro shekarar auren autata. Zaren yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado, da ganyen darbejiya saboda gara, kuma ba mai taɓa kwallar nan ya kwana lafiya.

Sai cutar yana ta rufe mini ido. Aka ce sai an yi aiki a Kano, ɗaya bayan ɗaya, in zauna wajen ƙanwata har in warke. Maigida ya ce zai ba Akanta aikin takardun na shekara guda. Akanta maƙwabcinmu ne, Kirista daga kudancin Kaduna, mai yi wa 'yan kasuwa lissafi. Matarsa kuwa ƙawata ce, ta kan katanga muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Duk da haka abin ya sosa mini rai. Da Akanta ya aiko a ba shi aron zaren ya duba, cewa na yi a'a. Maigida ya faki idona, wanda dama babu, ya kai masa. Bayan kwana biyu aka dawo da shi, na bi shi da yatsa takarda takarda ina neman abin faɗa. Ban samu ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi.

Na dawo da idona garau, na ce aikina ya dawo hannuna. Sau biyu Akanta yana turo matarsa, wai fayil ɗin shekarar yana wurinsa, a zo a karɓa ya yi mana bayani. Na ce ya riƙe abinsa, ni ban san fayil ba, zare na sani. Na ɗora sababbin takardu a kan tsohon ƙyalle kamar shekarar nan ba a yi ta ba. Ba a jima ba suka tashi suka koma Malam Madori.

Bayan an ba mu sabuwar jiha aka ce za a sake rabon rumfunan kasuwa. Wanda ya nuna rasit ɗinsa a jere ba giɓi, ya zauna a wurinsa. Wanda bai nuna ba, a kai shi can baya, kusa da masu itace. Rumfarmu a bakin hanya take, kuma ta mahaifinsa ce. Maigida ya ɗauki zarena ya tafi ofis yana taƙama. Ya dawo da azahar, ya ajiye shi a kan tabarma, ya ce shekara ɗaya babu, an ba shi mako guda. Bai ce laifina ne ba. Da ya faɗa da na samu abin mayar masa. Tuwon da na kai masa ma bai buɗe ba.

Washegari na yafa mayafi na shiga motar Malam Madori da kwallata a cinya. Matar Akanta ce ta fara hango ni, ta rungume ni tana cewa ashe idon ya buɗe har ya gane hanya. Shi kuwa ya fito da tabarau a goshi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi maigida da kasuwa da ruwan bana. Na yi ta kewaye-kewaye. Ni dai ban saba roƙo ba.

"Mama, fayil kika zo karɓa, ko har yanzu ba ki san shi ba?"

"Kai dai ɗauko, ban zo shari'a ba."

Ya shiga yana dariya, ya fito da shi a leda, ko ƙura babu. Ya ce sau biyu suna canza gida, kowane karo shi yake fara sawa a jaka. Ya kuma ce da bai ga zarena ba a wancan lokaci da bai san inda zai kama ba, domin maigida ko shekarar da ya fara biya bai tuna ba. Na buɗe fayil ɗin. Kowace takarda an huda ta a kusurwar sama ta hagu, daidai inda basillata take shiga.

"Wa ya ce ka huda?"

"Na san inda za su koma, Mama."

A nan tsakar gidansu na kwance zaren, na zare na shekara uku, na sa nasa a gurbinsu. Sai na tsaya, domin ba ni da ƙyallen shekarar. A gado na yi sallar nan da auduga a ido, ban ɗinka komai ba. Matarsa ta gane. Ta shiga ɗaki ta fito da zanen da matan cocinsu suka yi anko a shekarar, ta sa almakashi a gefensa. Na ce kada ta ɓata zane mai kyau. Ta ce in yi shiru, yau ba a gidana nake ba.

Rumfa ta zauna mana. Maigida ya so ya aika musu da kwalin kifi, na ce biyu, kuma ni zan zaɓa, don na san zai tura ƙananan. Har yau in jikokina suka tambayi koren ƙyallen nan da bai yi kama da zanena ba, cewa nake su cire hannu daga kwallata tukuna.