Man Kaɗanya da Makullin Rumfa

Shekara goma sha ɗaya makullin rumfarmu ta ɗaga ƙarfe yana aljihuna, kuma ba gadonsa na yi ba, da hannuna na ci shi. Rumfar tana wani lungu a Chikaji, bayan katangar wata tsohuwar masana'anta da ta daina hayaƙi tun ina da gashi a kai. Kwano ne a sama, kwano a gefe, sai benci biyu. Ƙarafan da muke ɗagawa ni na haɗa su a shagona na walda, daga tarkacen manyan motoci da gwangwanaye cike da siminti. Ba wanda ya san ainihin nauyinsu. Wanda ya fi wahalar ɗagawa shi ne babba, shi ke nan lissafinmu.

Mai makulli shi ne Ciyaman. Shi ke buɗewa, shi ke cewa wa zai fara hawa benci, shi ke raba faɗa. Ba albashi, ba komai, amma idan ka bi ta kasuwar Sabon Gari mahauta ma Ciyaman za su ce maka. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare, ba wani wurin da aka taɓa kira na da abin da ya kai wannan.

Yadda ake cin makullin kuwa, duk shekara idan damina ta ɗauke sai mu sa ranar gaisuwa. Mutum biyu su miƙa wa juna hannu kamar za su gaisa, sai kowa ya matsa. Wanda ya ce wayyo ko ya lanƙwasa gwiwa ya fita. Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗa: ina da dabara. Ba na bari tafin mutum ya gama shiga nawa. Yatsunsa huɗu nake cafkewa tun a hanya, in murza gaɓoɓin su goga juna. Ko ɗan dambe ne sai ya tuna da uwarsa.

A cikinmu akwai mutum biyu da labarin nan ya shafa. Ɗaya Ticha, malamin firamare a Zabi, mutumin kudancin Kaduna, marar hayaniya. Duk hutu yana gida yana noman citta. Kowace shekara sai ya miƙo mini hannu a buɗe da zuciya ɗaya, kamar wanda ya haɗu da surukinsa a bakin coci, ni kuma in murƙushe shi. Ɗayan kuma mai sifiya ne, wato mai sayar da kayan gyaran mota, ɗan kabilar Ibo, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibi. Hausar bakinsa ta fi tawa kaifi, kuma rabinta a kaina yake ƙarar da ita.

Wata Laraba da la'asar wata ɗaliba ta sauko daga keke mai ƙafa uku, da jaka a kafaɗa. Daga Samaru take, tana shekarar ƙarshe a jami'a, wai ilimin motsa jiki take karantawa. Ban san ana zuwa jami'a don wannan ba. Da na sani da tuni ni farfesa ne.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Kai ne shugaban wurin?"

Na ce, "Ni ne, amma ban haife ki ba."

"To, Kawu."

Mai sifiya ya ce, "Bar shi a Baban, ƙanwata. Furfurar yake askewa kullum da asuba."

Ta ciro wata na'ura daga jaka. Ƙarfe ne mai mariƙi, da fuska kamar ta sikelin masu sayar da nama, da allura a ciki. Ta ce ƙarfin damƙar hannu take aunawa. Mutum ya matse mariƙin, allurar ta tafi ta tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare. Tana neman masu ɗaga ƙarfe don aikinta na kammala karatu, za ta dawo ranar Asabar da safe ta auna mu duka, ta kuma ɗauke mu hoto.

Ranar gaisuwa saura mako biyu a lokacin. Mai sifiya ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ce, "Ciyaman, wannan fa ba ta da yatsun da za ka cafke."

Aka kwashe da dariya. Ni kuma bakina bai taɓa jiran kaina ba. Na ciro makullin na rataye shi a ƙusa, na ce bana ba gaisuwa. Duk wanda allurar nan ta fi yi wa nisa ranar Asabar ya sauke makulli ya sa a aljihu. Ba wanda ya roƙe ni. Ni na faɗa, a gaban mutum goma sha biyu.

Kafin ta tafi ta ja mana kunne. Ta ce daga Juma'a kar kowa ya taɓa ƙarfe, a zo da hannu a huce, a bushe. Muka ce to, to, Allah ya kai mu. Tana bayar da baya muka manta. Ba wai ba mu ji ba ne. Ta ce hoto, kuma a wurinmu ba a ɗaukar mutum hoto a sanyaye. Ko hoton katin zaɓe za ka je, sai ka ɗan ɗaga ƙarfe sau ashirin tukuna. Dole jini ya cika ƙwanji, jijiyoyi su fito raɗau, sannan a bi jiki da mai ya yi ƙyalli. Haka muka tarar, haka muke yi.

Ranar Asabar tun bayan sallar asuba na buɗe rumfa. Awa biyu ina ɗagawa. Na yi lilo a jikin ƙarfen sama har na daina jin yatsuna, na ɗauki gwangwanayen siminti biyu na kai su bakin titi na dawo da su, sau nawa ban ƙirga ba. Damatsana suka kumbura kamar an hura. Sannan na buɗe robar man kaɗanya da na ɗauko a ɗakin matata ba da saninta ba, na lafta tun daga wuya har cibiya. Mai sifiya ya shafa mini a baya, na shafa masa. Sauran wasu man gyaɗa suka samu. Rumfar ta ɗauki ƙamshi kamar wurin mai ƙosai.

Da ɗalibar ta shigo sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Kawu, me na ce muku ranar Laraba?"

Na ce, "Ɗumama jiki kawai muka yi."

"Wannan zufar duk ɗumi ne?"

"Ke dai kawo abin naki."

Ta girgiza kai, ta sa kujera a tsakiya. Ƙa'idarta ita ce ka zauna, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka matsa ba tare da ka miƙe ko ka karkace ba. Sau uku kowane hannu, da ɗan hutu a tsakani, ta rubuta wanda ya fi. Ba na huɗu. Na ce wane irin gwajin ƙarfi ne ake yi a zaune kamar mai jiran layin asibiti? Ta ce haka ake yi ko'ina.

Ni na fara, tunda ni ne Ciyaman. Ta ba ni tsumma na goge hannu, amma duk wanda ya san man kaɗanya ya san ba ya jin tsumma. Na kama mariƙin, na cije haƙora, na matsa. Na'urar ta sulɓe daga hannuna kamar sabulu. Da ɗalibar ba ta cafe ta ba, da yau wani labarin nake bayarwa.

Mai sifiya ya ce, "Ɗaya ta tafi!"

Na fita na murza tafina a ƙasa, na dawo. Karo na biyu ba ta sulɓe ba, amma wani abin ya faru da ya fi sulɓewar muni. Na aika wa hannuna saƙo, hannun ya ƙi amsawa. Damtsen nan da ya cika ido ashe ba kowa a ciki. Allurar ta tashi a hankali, ta yi ɗan tafiya, ta zauna. Karo na uku ko inda ta kai a na biyu ba ta kai ba.

Na ce, "Na'urarki ta lalace."

Ta ce, "Jiya aka duba ta, Kawu. Hannunka ne ya gaji."

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne sauran ma duk haka suka yi. Mai sifiya da bakinsa ko kusa da ni bai zo ba. Da aka zagaya, allurata ce a gaba duk da haka. Har na fara duban ƙusa.

Sai ga Ticha a kan tsohon babur ɗinsa, da riga mai dogon hannu a soke cikin wando. Darasin Asabar ya tsaya yi wa 'yan aji shida masu shirin jarrabawa. Bai ɗaga komai ba, bai shafa komai ba. Tafinsa fari fat da alli.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, na makara. An gama ne?"

Mai sifiya ya ja masa kujera har da kaɗe ta. "Zauna, malam, zauna. Kai muke jira tun shekara goma sha ɗaya."

Ticha ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya kama mariƙin kamar ƙotar fartanya. Ko fuska bai yamutsa ba. Allurar ta wuce inda tawa ta tsaya ba ta ko yi sallama ba. Ɗalibar ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Kai, malam!" Rumfa ta kaure da ihu, ana dukan kwano.

Na ce alli ne. Na ce kowa ya san alli na ƙara riƙo, wannan maguɗi ne. Ticha ya dubi hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa, ya ce, "Gaskiyarka, Ciyaman," ya je ya wanke a bokiti, ya goge, ya dawo ya yi sauran biyun. Allurar ta koma wurin da ta je da farko.

Ni na sauke makullin daga ƙusa na ba shi. Ya ce a bari a sake wani gwajin ranar da kowa ya huta. Na ce magana ta riga ta fita. Ba kirki ne ya sa ni ba, idon mai sifiya ne a kaina. Daga nan aka jeru aka ɗauki hoto.

Kwana tara ban taɓa ƙarfe ba. Na ce wa mutane zazzaɓi nake. A rana ta goma na wanke hannu da sabulun wanki har sau uku, na tsaya a wani shago na sayi alli guda biyu, na hau mota zuwa Samaru. Ban gaya wa kowa ba, har matata, wadda ba ta gama yi mini maganar man kaɗanyarta ba. Na yi ta tambaya a layin gidajen ɗalibai, yara masu jakunkuna suna amsa mini rabi Hausa rabi Turanci, har na same ta a wani shagon buga takardu.

Ta ce, "Kawu! Lafiya?"

Na ce, "Abin nan naki yana nan?"

Yana cikin jaka, washegari za ta mayar wa makarantarsu. Mai shagon ya ba ni kujerar roba. Na murje allin a tafina, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Na manne gwiwar hannu, na matsa har na ga taurari. Wannan karon hannun ya amsa. Allurar ta tafi da gudu, ta wuce ta ranar Asabar nesa ba kusa ba. Na yi uku cif, ta bar ni na ƙara na huɗu.

Na ce, "Duba na Ticha."

Ta buɗe littafinta, ta sa yatsa, ta yi ta bin layin tana sake bi.

Na ce, "Faɗi mana, ba yaro ba ne ni."

"Ya fi ka da layi biyu, Kawu. Amma a shekarunka wannan ba ƙaramin..."

Na ce ta riƙe sauran. Na roƙe ta abu ɗaya, kar ta rubuta wannan zuwan a ko'ina. Ta ce ai ba ya cikin aikin. Na sayi rake a bakin titi na tauna a mota har Sabon Gari.

Yanzu shekara uku ke nan Ticha ne Ciyaman. Yana buɗewa kan lokaci, ya sayo tsintsiya, ya sa an auna ƙarafan a sikelin masu hatsi an rubuta nauyin kowanne da fenti. Ashe babban da nake taƙama da shi bai kai yadda nake faɗa ba. Duk wannan yana ba ni haushi. Hoton yana manne a jikin kwano. Ni ne a tsakiya, na fi kowa cika, ina ƙyalli kamar sabuwar mota. Ticha yana can gefe da rigarsa, kamar wanda ya zo tambayar hanya. Duk baƙon da ya shigo ni yake nunawa ya ce wannan ne shugaban? Sai in ce man kaɗanya ne ya cuce ni, kuma har gobe haka mutanen rumfa suka sani.

Da damina ta ɗauke a shekarar da ta biyo bayan gwajin na'urar, Ticha ya rataye makullin a ƙusa. Ya ce tunda na'ura ta tafi, a koma gaisuwa kamar da. Ya miƙo mini hannu a buɗe, yadda ya saba, yatsun nan huɗu a jere suna jira na. Na san da na cafke su makulli ya dawo aljihuna kafin a ƙirga biyar.

Mai sifiya ya ce, "Ciyaman mai ritaya, ga abincinka."

Na dubi hannun, na bar tafinsa ya shige nawa har ƙarshe, muka gaisa kamar mutane. Na ce wuyan hannuna na ciwo, a bari sai yarinyar nan ta dawo da na'urarta. Na san ta gama karatu ta bar gari. Duk shekara haka nake cewa, kuma wuyan hannun lafiyarsa ƙalau.