Muryar Mushe Mani Ta Shiga Kasuwa

Mushe Mani bai taɓa dukan ɗalibi ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye cikin karkarar Kiyeshe, inda ake ce wa malamin boko Mushe, aji biyu na siminti, uku na zana, kuma duk wanda ya zauna da shi tsawon shan shayi ɗaya sai ya ji labarin ranar da ya cusa bulalar ajinsa cikin murhu. Har takardar shaida gare shi, wadda aka ba shi bayan wani horo na kwana uku a Dogon Dutsi kan kare haƙƙin yara. Ya sa ta cikin leda ya manna a bangon ɗakinsa, sama da hoton aurensa.

Ɗan Matankari ne, ɗan manomi, amma tun yana ƙarami aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba, baki ne jarinsa. Muryar liman, tarin mai unguwa, yadda kakarsa ke tsinewa kaji, duk yana da su a maƙogwaro, sai wadda ya ga dama ya ciro. Da an bar shi da halinsa da ɗan kama ya zama, ya ci abinci da guminsa ba tare da ya cuci kowa ba. Sai boko ta riƙe shi da ƙyar, ya ci jarrabawar kwaleji a zama na uku, aka ɗauke shi ɗan kwantiragi aka ba shi alli da yara sittin.

Da salula mai shafe-shafe ta shigo hannunsa sai baiwar ta sami gona. Kullum aka tashi lakwal, zai ja kujera gindin gawon da ke bayan aji, ya danna, ya aika wa abokinsa Mushe Luƙman saƙon murya. Luƙman malami ne a wajejen Tibiri, tare suka yi makarantar horon malamai. Babu ɗalibin da bai da suna a cikin waɗannan saƙonni. Akwai Mai In'ina, akwai Gwanin Barci, akwai wadda ke zuwa da warin daddawa. Yakan yi muryar yaron, ya yi ta uwar da ta zo ba da haƙuri, ya yi tasa da kansa yana faransanci. Luƙman ya yi dariya har da tari, ya aiko da tarin a matsayin amsa. Mani bai taɓa ganin laifi a ciki ba. Cewa yake aikin nan in ba a yi dariya ba sai ya kashe mutum, kuma ai bai taɓa jikin ɗan kowa ba.

A shekarar da ake magana yana riƙe da ajin ƙarshe, kuma wadda ke ta ɗaya a ajin wata yarinya ce Hure, 'yar rugar da ke gabas da gari. Ita kaɗai ce ta iya karatu a rugarsu. In an sayo maganin shanu ita ake kira ta duba takardar kwalba. Lissafi kuwa kafin Mani ya gama rubuta tambaya ta ɗaga allo. Kowa ya san in aka je jarrabawar satifika ta kammala firamare a watan Yuni, Hure ce za ta fidda lakwal ɗin kunya.

Wata safiya, mako biyu da dawowa daga hutu, ubanta Sambo ya zo ya tsaya nesa da aji har sai da Mani ya fito. Ya ja shi bayan zana, ya dubi hagu da dama.

"Mushe, magana na kawo ma wadda ko ƙannena ba su sani ba," in ji shi. "Ɗiyag ga tana hwaɗuwa. Likita na Dogon Dutsi ya ce hwarhwaɗiya ta, ya ba mu ƙwaya, tana sha kullum. Kai ɗai na gaya ma, don kai ka wuni da ita. In mutane sunka ji, ba mai koma taɓa ƙwaryar uwatta."

Gaskiya ya faɗa. A wajen nan har gobe akwai masu rantsuwa cewa farfaɗiya ana ɗaukarta a yawu, wasu su ce doguwa ce ta shafi mutum, kuma uwar Hure da nono take ciyar da gida. Mani ya dafa ƙirji, ya gyara murya irin ta ranar horo.

"Malam Sambo, kwantar da hankalinka. Mu ga aikinmu akwai abin da a ka ce ma sekre profesiyonel. Abin ga ya mutu nan."

A yi masa adalci, ranar da abin ya faru ya yi abin kirki. Wata Talata ce da hantsi, ya ga idon Hure ya kafe wuri guda kamar yadda uban ya kwatanta masa. Nan take ya kori yara duka su je su share fili, ya ja ƙyaure, ya kwantar da ita a gefe guda, ya sa jakarsa ƙarƙashin kanta har ta dawo. Babu ɗan da ya gani. Da ta farfaɗo ta tambaye shi ko an gan ta, ya ce ko ƙuda bai gani ba, ta yi murmushi ta koma bencinta.

Da nan labarin ya tsaya da sai mu ce Allah ya saka masa. Amma Mani mutum ne da labari mai daɗi ba ya kwana a cikinsa, ciwo yake sa masa. Da la'asar ya ja kujera gindin gawo. Ya fara da cewa wannan tsakaninsa da Luƙman ce, sannan ya zuba. Ya faɗi sunan yarinyar, ya faɗi na ubanta, ya yi Hausar Sambo da karyayyen harshen Fulani, ya yi raɗar bayan zana. Da ya zo kan faɗuwar sai gwanintar ta motsa: ya yi gurnanin, ya yi karkarwar haƙora, har ya riƙa buga ƙafar kujera a ƙasa don a ji dukan dugadugai. Ya rufe da cewa shi dai daga yau kokonsa ba madara. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Shi kansa sai da ya sake saurara sau biyu don ya ji daɗin aikinsa.

Luƙman bai ba kowa ba, wannan ma a faɗa. Mani ne ya kai abinsa kasuwa da ƙafarsa. Bayan wata biyu salular ta cika ta fara shaƙewa, ranar kasuwa ya kai ta rumfar Usaini mai caji. Usaini magidanci ne mai faranti biyu na hasken rana da wata tsohuwar kwamfuta, sana'arsa cajin waya da zuba wa mutane waƙoƙi, wa'azi da kokowa a katin memuwa. Mani ya sayi sabon kati, ya ce a kwashe masa komai a mayar ciki, ya tafi cin tsire. Usaini ya kwashe ta cikin kwamfutarsa kamar yadda ake yi, ya taɓa saƙo ɗaya don ya ga ko ya kwafu, sai ya ji Mai In'ina yana karanta faransanci. Ya yi dariya har ya zame daga benci.

To, kowane ɗan kasuwa yana da gyara. Mai gero ya ƙara maka tafi guda, mai tsire ya ɗora yanka. Usaini kuwa ya tara saƙonnin nan tamanin da wani abu wuri ɗaya, ya sa musu suna Barkwancin Mushe, duk wanda ya zo zuba waƙa ya ƙara masa su kyauta. Bai ma saurare su duka ba. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, muryar Mani tana tashi a fadar samari, a kan amalanken jaki, a aljihun 'yan kabu-kabu har bakin kwalta.

Kwanakin farko Mani daɗi ya ji. Ana nuna shi a hanya, mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa, wani ma ya roƙe shi ya yi Gwanin Barci a gaban jama'a, ya kuwa yi. Ya manta sarai da minti huɗun nan. Sai wata safiya ya shiga aji ya tarar da yara hurhuɗu a kowane benci, wasu a ƙasa, Hure ita kaɗai a nata, benci biyu na kusa da ita ba kowa. An ɗauke moɗar randa an ɓoye. Ba ta kuka. Ta buɗe littafinta tana kallon shafi guda, kuma har aka tashi ba ta ɗaga allo ba.

A makon nan uwarta ta kai nono kasuwa ta dawo da shi yadda ta kai. Matan da suka shekara goma suna saye wurinta suka riƙa gaishe ta daga nesa, hannu a bayansu. Wata ta aiko a tambaya ko ƙwaryar da ta ara bara Hure ta taɓa sha a ciki.

Iyayen sauran yaran ma sun ji sunayen 'ya'yansu, don haka magana ta kai Dogon Dutsi, aka turo kwanseye, wato mai sa ido kan aikin malamai, ya zo a kan babur. Aka zauna a ofishin darekta. Malaman da suka riƙe ciki don dariya a makon jiya duk suka zo da fuskar ta'aziyya, kowa yana cewa shi dama bai saurara ba. Aka kunna saƙonnin don bincike. Da aka zo kan Mai In'ina kwanseye ya fita waje wai zai amsa waya, ya dawo yana share ido, ya ce a zuba masa duka a salularsa saboda dosiye, wato fayil ɗin bincike.

Da aka ba Mani dama sai ya miƙe yana huci, shi ne ma mai ƙara.

"Salulata ta, da gumina na saye ta. Bayan an tashi lakwal na yi magana, kuma da abokina na yi ta. Ina dokad da ta hana mutum hira da abokinai? Wanda ya kamata a kama Usaini na, shi ya shiga min sirri."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Kuma abin haushi, maganar ta shiga kunnen mutanen ofishin, don kowannensu ya tuna abin da ke cikin tasa salular. Aka shiga muhawara kan ko awowin aiki sun haɗa da la'asar, ko gindin gawo yana cikin harabar lakwal. Aka kusa awa ɗaya ana wannan, ba wanda ya ambaci sunan Hure.

Sambo yana tsugune a bakin ƙofa tun farko, sandarsa a kafaɗa, ba wanda ya ce masa shigo. Da suka gama ya tashi.

"Mushe, na ji kana hwaɗin an shiga ma sirri. Ni nawa ba a shiga ba. Da ƙahwata na kawo ma shi har bayan zana."

Mani ya fara bayani da sauri, cewa ai cutar ba a ɗaukarta, ilimi ya tabbatar, shi da kansa zai tara iyaye ya wayar musu da kai.

"Likita ya gaya min hakanan tun bara," in ji Sambo. "Tahi ka gaya ma masu sayen nono."

Ya nemi a ba shi littattafan 'yarsa, aka ba shi. Kwana uku bayan haka rugar ta tashi, suka kora shanu arewa, wata biyu kafin lokacin da suka saba tashi.

Hukunci ya fito bayan hutun Ista. An rubuta wa Mani takardar gargaɗi, kuma saboda zamansa a ƙauyen ya zama fitina, aka ɗauke shi aka mayar da shi cikin garin Dogon Dutsi. Shekara tara yana rubuta takardar neman wannan sauyin ba a ko amsa masa ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama: ga lantarki, ga ruwan sanyi, ga 'yan kabu-kabu da suka san muryarsa tun kafin su san fuskarsa. Ya sa wa salularsa lambar sirri mai tsawo, kuma a nasa ganin darasin da ke cikin lamarin ke nan. In an tayar da zancen yakan ce ƙaddara ce, Fulani dama ba su zama wuri ɗaya.

A watan Yuni aka sa shi cikin masu tsaron jarrabawar satifika, a cibiyar da lakwal-lakwal na ƙauyuka ke zuwa. Da aka miƙa masa takardar sunayen ɗakinsa ya ga tsofaffin ɗalibansa ne rabin ɗakin. An rubuta lambar kowa da alli a kan tebur tun jiya. Ya fara kira, ana amsawa, har ya zo lamba ta goma sha bakwai. Tun watan Janairu aka aika da sunayen, ba wanda ya tuna ya cire na Hure.

Ƙa'ida ce a kira sau uku. Ya kira na farko, ya kira na biyu. Kafin na uku sai daga can baya wani ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, ya kaɗa haƙora, ya buga ƙafar benci a siminti. Ɗakin ya fashe da dariya, har da yaran wasu garuruwa da ba su taɓa ganin Hure ba.

Mani ya tsaya da takarda a hannu. Babu ɗaya cikin yaran nan da ya ga faɗuwarta, shi da kansa ya kore su ya ja ƙyaure. Ba Hure suke kwaikwayo ba, shi suke yi, kuma sun iya, har inda yake jan numfashi kafin ya buga kujera. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya buɗe baki zai tsawata, ya rasa da wace murya zai yi.

Abokin tsaronsa ne ya buga tebur aka yi shiru. Mani ya duƙa ya rubuta a gaban sunanta cewa ba ta zo ba. Sannan ya bi layi yana raba takardun lissafi, da ya kai ƙarshe guda ɗaya ta yi saura a hannunsa.