Baba Sanyi da Uwar Garken Asibiti

Kullum ƙarfe bakwai, kafin masu shara su gama goge baranda, Baba Sanyi ya buɗe ɗan ɗakin da ke bayan ɗakin magani. Rigar sanyi ce a jikinsa ko rana na ƙuna, don na'urar sanyaya ɗakin ba ta hutawa. Nas-nas suka laƙaba masa sunan, ya bi shi. Sai ya ɗora tafin hannu a jikin uwar garke, babbar kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci, kamar mai duba zazzaɓi. Shekara ashirin da shida ke nan, jibi zai yi ritaya.

Da can wata tsohuwar kwamfuta ce a wurin, mai ƙaramin tsarin da ake kira bit 32. Duk Litinin sai ta cije, layi ya kai bakin titi. Sau biyu hukumar asibiti tana sayo mata ƙarin ƙwaƙwalwa, a banza.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga babban likita, "ko buhu aka zuba mata, abin da ya haura giga huɗu na ƙwaƙwalwa ba ta morarsa. A koma mai bit 64."

"Baba, da rayukan mutane za mu gwada sabon abu?"

"Sabo? Ai ya yi gemu, har furfura ta fara."

Amma ko da aka sayo sabuwar, bai yi gaggawa ba. Ya kunna sabuwar kusa da tsohuwar, kowace safiya ya buga jerin rukunin jinin majinyata daga kowacce, ya bi da rula layi-layi. Aka yi ta yi masa dariya, wai ya mai da kwamfuta 'yar firamare.

Rana ta talatin da ɗaya, da hantsi, tsohuwar ta mutu murus. Ga mai naƙuda jini ya ɓalle mata, ga jininta mai wuyar samu. Babbar ungozoma ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Baba, fayil ɗinta!"

Waya ɗaya ya cire daga tsohuwar ya mayar jikin sabuwar. Sunan ya fito, da rukunin jinin, da lambar wayar mutum biyu da suka taɓa ba ta jini. Tun ranar, shekara tara, sabuwar ba ta taɓa cijewa ba.

Kai ne gishirin aikin nan, Baba, ba a ganinka sai an rasa ka. Masu tasowa, ku koyi haƙurin bin layi da rula.

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ba ka taɓa ganin fuskar matar nan ba. Ƙanwata ce, kuma ta ce a gaishe ka.