Ƙyallayen Malama Mai Laka

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, 'yarki ta kira ni a waya ta ce kin cika. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Kafin la'asar har shugaban sashen kimiyyar muhalli na jami'armu ya manna takarda a allo, yana kiran ki "abar alfaharinmu". Sau biyu na karanta, ko idona ne ya tsufa.

Shekara ashirin da uku mukullin ɗakin gwaji yana hannuna, don haka ba labari aka ba ni ba. Duk farkon wata kikan je rafin bayan masana'antar jima, ki ɗebo laka, ki auna gubar da ke ciki, ragowar ki dama ki shafe farin ƙyalle da ita. Wata ɗaya, ƙyalle ɗaya. Ko wanda bai san alƙaluma ba, in ya ga ƙyallayen a jere, yadda launinsu ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma shuɗi-shuɗi, ya gane abin da 'ya'yansa ke sha. Da su kika sa matan unguwar suka daina ɗibar ruwan. Da matata ta kwanta asibiti, ke kika riƙe mini ɗakin gwajin mako biyu, har da wankin kwalabe, ba wanda ya ji a bakinki.

Sau uku kika nemi ƙarin girma da aikin nan. 'Yan kimiyya suka ce zane ne, a kai wa masu zane. Masu zane suka ce yana wari. Shugaban nan da bakinsa ya ce mini, "Baba, a fitar da tsummokaran nan, baƙi za su zo."

To, yau tsummokaran yake so. Ya aika wa 'yarki wai za a rataye su a zauren sashe, daga mai haske zuwa mai duhu, "don su yi kyau". Farfesa sukutum, bai san jerin watannin shi ne aikin ba. In an hargitsa shi, labule ne kawai ya rage.

Ke kuma 'yar Malama, 'yata, kada ki ba su. Kwanan watan kowane ƙyalle yana gefensa da rubutun mahaifiyarki. Ki sa rana, in zo mu jera su.

Malama, Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki. Ya ba maigidanki da 'yarki da ɗalibanki juriyar rashi. Su kuma waɗancan, Allah Ya shirye su, ni dai na gaji.