Barkonon Inna Kaltume

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, idan ka ce Kaltume za a tambaye ka wacce, amma idan ka ce Kaltume mai yaji, har hanyar gidanta za a nuna maka. 'Yar tsohuwa ce siririya, mai saurin kafa da saurin baki. Kyauta kam tana da ita, don ba a shiga gidanta a fito hannu sake. Abu ɗaya ne take rowarsa a duniya, shi ne irin barkononta.

Barkonon ba irin na kasuwa ba ne. Ɗan ƙarami ne mai tattarar fata, jansa ya yi duhu kamar goron da aka tauna, kuma ƙamshinsa yana riga zafinsa isowa. Mai-turare suke kiransa a gidan. Kakar Kaltume ce ta zo da shi daga wajen Gwiwa, da shi kuma ake daka yajin jego ga duk macen da ta haihu a zuriyar. Da shi ake cin ɗanwake, da shi ake barbaɗa dambun zogale ranar suna. Kaltume takan shuka shi a bayan ɗakinta, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, ta zauna gadinsa da 'yar sandarta.

Duk wanda ya roƙi barkonon sai ta ba shi, har da ƙari, amma sai ta fara jefa shi a kasko ta soya sama-sama. Cewa take yi soyawa ce ke tashin ƙamshi. Gaskiya ne, sai dai kowa ya san ɗayan dalilin: ƙwayar da ta ji wuta ba ta tsirowa. Hatta 'yarta Sadiqa, malamar firamare a Kazaure, ta roƙi ɗanyen iri har ta gaji. Kullum amsar ita ce 'yan birni ba su san darajar abu ba, za su haɗa shi da na kasuwa ya lalace. Irin shuka kuwa, wanda take zaɓa daga mafi kyau, a ƙulle yake cikin tsumma, rataye a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Bara da rani aka kai Kaltume Kano aikin ido. Surukarta Zara, matar ɗanta Sama'ilu, yarinya mai son a yaba mata, ta ga jikar gidan Ikilima ta kusa haihuwa a can Kazaure wurin uwarta Sadiqa, ta ce bari ta rage wa Inna aiki. Ta tattaro duk barkonon da ke gidan, har da ƙullin saman murhu, ta yi masa abin da ta saba gani ana yi wa kowane barkono a gidan. Ta soya shi tas, ta daka. Sannan ta baza shi a faranti a tsakar gida ya huce, akuya ta bi ta kai ta kifar da rabi cikin ruwan wanke-wanke.

Da Kaltume ta dawo ta ɗaga sabon idonta ta ga ƙusar saman murhu babu ƙulli, zama ta yi daɓas. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata mutanen gidan ke nan. Tsoro ya kama ta ita ma, don ta gane abin da ya zo tun daga kakarta a hannunta zai ƙare.

Washegari ta hau bayan babur ɗin Sama'ilu suka shiga zaga dangi. Roni, Gwiwa, har Yankwashi inda wata ƙanwarta ke aure. Ko'ina aka karɓe ta da murna, aka buɗe kwano aka ɗauko mata mai-turaren da ta bayar, kuma ko'ina soyayye ne. Ƙanwar tata ma har da dariya, tana cewa ai Yaya aikinki ba ya da gyara. Kaltume ta kwaso duk da haka ta zuba a ƙasa, tana ba shi ruwa safe da yamma. Ciyawa ce kawai ta fito.

Ana cikin haka Ikilima ta sauka, namiji. Kaltume ta tafi Kazaure da ɗan guntun yajin da akuya ta bari, ta cika shi da barkonon kasuwa, kunya kamar ta nutse. Da hantsi ta zagaya bayan gida don ta duba ruwan wankan jego ko ya tafasa. Iska ta kaɗo mata wani ƙamshi. Ta tsaya, ta bi hancinta zuwa wani tsohon kwanon rufi da aka jingine a katanga, ta ture shi. Tsofaffin bokitan fenti ne a jere, kowanne da bishiyar barkono ta yi luf da 'ya'ya masu tattarar fata.

Sadiqa ta iso da gudu, ta tsaya tana murza gefen mayafi kamar ba uwar mai jego ba. Ta ce ranar da za a kawo ta gidan miji ta hau turmi ta zari kaɗan daga ƙullin, ta ɗaure a bakin zani. Tun daga lokacin, duk zuwan da Inna za ta yi sai ta ɓoye bokitan, roƙon irin da take yi ma don kada a gane ne.

Kaltume ta dube ta ta ce, "Ɓarauniya." Sai hawaye suka zubo, har ta idon da likita ya hana a taɓa. "Allah ya yi miki albarka. Tsinko min."

Sadiqa ta cika mata tafin hannu, ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Inna, in soya miki?"

Da Kaltume ta koma gida, kafin ma ta ajiye jaka ta kira Zara. Yarinyar ta zo ta durƙusa tana jiran faɗan da aka daɗe ana bin ta. Kaltume ta kwance bakin zaninta, ta raba barkonon biyu, ta zuba mata rabi ɗanye a hannu, ta ce in ta je ganin gida ta kai wa uwarta ita ma ta shuka.