Kunnen Muhuti

Ƙosai uku ne suka ci mutuncin mahaifina. A tsaye ya ci su a kasuwar Maigatari wata Alhamis, bayan ya tako daga garinmu ba komai a cikinsa, ya kuma aske kawuna sun fi goma. Wanzami ne shi, ni ma haka, lokacin na riga na yi aure har da 'ya ɗaya. Ni na ma sayo ƙosan.

Bayan wata biyu aka kira shi shaida a kotun gundumarmu. Maƙwabciyarmu ce mijinta ya rasu, ƙanin mijin ya matso da iyaka ya cinye mata kusan rabin gona. Baba ya san iyakar, da shi aka dasa gamban da ya raba gonakin, ya kuwa faɗi abin da ya sani. Alƙalin tsoho ne, ba ya yanke komai sai ya waiwayi muhutinsa, malamin da ke zaune gefensa yana buɗa littattafai yana nemo masa hukunci. Muhutin nan matashi ne, sabon dawowa daga karatu a Kano, Larabci fal bakinsa. Ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, shaidar wannan ba ta karɓuwa. An gan shi yana ci a tsaye a tsakiyar kasuwa. Wanda bai tsare mutuncinsa ba, shari'a ba ta kiransa adali." Ya ɗora yatsa a kan layin, 'yan kallo suka kwashe da dariya.

Ban taɓa cewa wani abu aka ba shi ba. Na fi zaton so yake a ga iliminsa, sai Baba ya zama allon da ya gwada alƙalaminsa a kai. Matar ta rasa gonarta. Baba kuwa, mutumin da a da ba a ɗaura aure a unguwarmu sai an nemo shi ya shaida, sai ga samari suna tambayarsa, "Baba, yau a tsaye ko a zaune?" Ya daina cin kasuwa. Ko goro ba ya tauna a waje, tuwo ma sai ya shige ɗaki ya saki asabari. Damina biyu ya ƙara ya rasu. Na san ajali ne, amma na san kuma da abin da ya tafi a ransa.

Na gaji zabirarsa da kawunan da yake askewa, har da sababbi, cikinsu da na muhuti. Kowace Juma'a da hantsi yana zaune a tabarma a ƙofar gidansa, ni ina bisa kansa da aska. Shaiɗan ya sha ba ni shawara idan na zo wajen maƙogwaro. Nakan ce masa ya yi haƙuri, ba na son abin da zai ƙare kafin mutum ya san me ya same shi. Na tsani mutumin nan, kuma ban taɓa ko ƙwarzanarsa ba.

Wata bazara sanƙarau ya shigo ƙasarmu, ya kwantar da muhuti. Ya tashi, aka yi ta barka. Juma'ar farko da na koma, ina bayansa na ce, "Malam, a rage gemun?" Shiru. Na sake tambaya, shiru. Na zagayo gabansa na faɗa, nan take ya amsa. Mako na gaba na saki tasar ruwa da gangan a bayansa, ƙarar har ta tarwatsa kajin maƙwabta, shi ko gezau. Kunne ya tafi, bakin mutane yake karantawa. A kotu ya koma zama inda zai fuskanci mai magana, ya kafa masa ido ba ƙiftawa. Jama'a suka shiga yabo, wai tun da ya yi ciwo Allah ya ba shi idon gane maƙaryaci. Baba ya hore ni cewa abin da wanzami ya gani a kan mutum, a nan yake barinsa. Na riƙe wannan sirri shekara biyu, ba don horon ba. Jira nake.

Ana saura 'yan shekaru mulkin kai, tsohon alƙali ya ajiye aiki. A lokacin an soma tsaurara naɗin alƙalai. Ba a cewa ga ɗan gidan wane a naɗa. Sai an zaɓi mutum, an turo malami ya jarraba shi, takarda ta tafi wajen Razdan, Baturen mulkin lardi, ya sa hannu, sannan rawani. Kowa ya san muhuti ne zai hau. Har ya sayi alkyabba, matansa sun soma dakan biki.

Malamin da aka turo daga Gumel dattijo ne mai farin gemu, an sauke shi gidan hakimi. Da safe aka ce yana son aski. Na jiƙa masa kai, na wasa aska, sannan na yi muryar wawa na ce, "Allah gafarta Malam, ni jahili ne. Wai me ake nema ga mutum kafin a ba shi alƙalanci?"

Malamai suna son irin wannan tambaya. Ya ce, "Ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, mai ilimi. Kuma ya zama yana gani, yana ji, yana magana."

"To idan ba ya ji fa?"

"Ko an riga an naɗa shi, sauke shi ya wajaba. Yaya zai hukunta abin da bai ji ba?"

Na share askar a tafin hannuna. Na ce, "Malam, in kun zo tambayar yau, ku yi guda ɗaya da amawali a baki."

Ya ce, "Wanzam, ƙarasa askinka."

Bayan azahar aka taru a zauren hakimi, mu talakawa muna cunkushe a bakin ƙofa. Gaskiya muhuti ya san karatu. Gado, ciniki, iyakar gona, duk abin da aka jefo masa sai ya cafe har da ƙari. Na soma zaton dattijon ya watsar da maganata. Sai na ga ya ɗaga hannu a hankali ya ja amawalinsa, ɓangaren rawanin da ke rufe baki, har bisa hanci. Ya ce da ƙarfi, yadda har na waje suka ji, "Malam, raka'a nawa ce sallar asuba?"

Muhuti yana kallonsa yana murmushi, yana jiran a soma tambaya. Dattijon ya sake faɗa. Ya faɗa sau na uku. Wani a bayana ya yi dariya, aka tsawata masa. Sai muhuti ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, murmushin ya bushe masa a baki. Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya a tsufana ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Aka kawo wani daga wajen Gagarawa aka naɗa. Muhutancin ma bai kai ƙarshen shekara a hannunsa ba.

Juma'a ta zagayo, muhuti ya aiko in zo aski kamar kullum, bai san komai ba. Ni kuwa so nake ya sani, in ba haka ba me na yi? Na ajiye zabira na tsuguna a gabansa, na buɗe baki sosai, kalma kalma. Na ce ni na gaya wa dattijon, na yi ne saboda mahaifina, saboda gonar maƙwabciyarmu, saboda ƙosai uku. Ya bi bakina da ido har na gama.

Ya ce, "Mahaifinka ai mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Wane ƙosai?"

Na duba fuskarsa da kyau. Ba ƙarya yake ba. Abin da na kwana na tashi da shi shekara bakwai, shi bai ko kai shi gida ba a ranar.

Na miƙe na bar shi da jiƙaƙƙen kai. Na je bakin masallaci wajen mai tuya, na sayo guda uku masu zafi a ganye, na dawo na tsaya ƙiƙam a gabansa, masu wucewa suna kallo. Tunda baki ya iya karantawa, na ba shi abin karatu. Na ci su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, ban yi sauri ba.